Ɗora wa tsohuwar Hilux babban inji: kuɗin zai dawo kuwa?

Tambayar ta fito daga wani ɗan kasuwar hatsi da ke saro masara da wake a kasuwannin ƙauye yana kawowa Dawanau. Yana da tsohuwar Hilux mai jan taya huɗu, mai injin gas samfurin 2L. Ya ce motar ta daina ja, in ta shiga yashi da lodi sai an sauke kaya, kuma bakanikensa ya ce ya cire injin ya ɗora 1KZ mai tobo. Yana son sanin ko abin da zai kashe zai dawo.

Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, babban inji ba zai ƙara maka ko buhu ɗaya ba. Lodin da aka ƙera wannan motar ta ɗauka bai wuce kamar tan ɗaya ba, wato wajen buhu goma masu kilo 100. Shasi da sifirin da aksul na baya da birki su ne suka yanka wannan iyakar, kuma za su zauna yadda suke ko wane inji ka sa. Abin da sabon ƙarfi ke jawowa shi ne direba ya ga motar na tashi da buhu goma sha biyar ba ta nishi, sai ya mayar da shi al'ada. Daga nan sifirin ya fara karyewa ɗaya bayan ɗaya, birki kuma ya kasa riƙe ta a gangara. Ribarka daga wannan aiki ita ce saurin zuwa da dawowa da rage maƙalewa a hanya, iyakarta ke nan, kuma da ita za ka auna kuɗin.

Kafin ma a kai ga cire inji, a gano me ya kashe wa motar ƙarfi. A sa ma'aunin matsi a kowace silinda: lafiyayyen 2L yana ba da wajen kilo 32 a kan santimita murabba'i, ƙasa da 20 ya gaji, kuma bambancin silinda da silinda kada ya wuce 5. In matsin yana nan, injin bai mutu ba. A duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu kan toshe cikin 'yan makonni, sai matatar gas, da nozul, da famfon injekta. A duba kulochi: in ƙarar inji na tashi amma gudu bai ƙaru ba, zamewa yake yi. A kuma duba tayoyi, don da yawa sukan sa waɗanda suka fi na asali girma saboda ramuka, su kuwa suna rage wa mota ƙarfin tashi. Duk waɗannan gyare-gyaren a haɗe ba su kai kuɗin inji ba.

In ya tabbata injin ya gaji, shawarata ka tsaya cikin danginsa. 2L lita 2.4 ne, 3L lita 2.8, 5L kuma lita 3.0, duk gida ɗaya suka fito. Galibi suna zama a kan kujerun injin da ke jikin motar, suna haɗuwa da giyabos ɗinka ba sai an yanka ko an yi walda ba. Ƙarin ƙarfin ba mai yawa ba ne, amma a yashi za ka ji shi, kuma kayansu na nan a Kofar Ruwa da Panteka, kowane bakaniken ƙauye ya san hannunsu. Kula da abu biyu. In injin daga Hiace aka ciro shi, sai an mayar masa da kwanon baƙin mai na tsohon injinka tare da bututun da ke zuƙo man, domin kada ya riƙa taɓa aksul na gaba. Sannan ka nemi 5L mai famfon gargajiya, saboda 5L-E sai da kwamfutarsa.

1KZ kuwa wani gida ne daban. Ƙarfin murɗawarsa ya kai wajen 290 a ma'aunin Nm, na 2L bai kai 170 ba. Wannan tazarar ce ke cinye kuɗi. Giyabos ɗin 2L ba don irin wannan ƙarfi aka yi shi ba, sai ka sayi 1KZ ɗin da nasa giyabos. Canjin giyabos kan taɓa tsawon farfela, sai an rage wata an ƙara wata, kuma in ba a daidaita su da kyau ba motar za ta riƙa karkarwa tana cin beyarin. Sai sabbin kujerun inji, sabon salansa mai faɗi, da aikin rewaya, domin 1KZ-TE kwamfuta ce ke sarrafa famfonsa. Waya ɗaya ta jiƙe a tsallaken rafi, kana iya kwana a daji da kayan mutane. Babbar matsalar 1KZ ita ce zafi. Kan silindarsa na alminiyom ne, an san shi da tsagewa in ya yi zafi, kuma tafiyar giya ɗaya cikin yashi da rana tsaka da cikakken lodi ita ce daidai yanayin da ke kawo hakan. Tsohon lagiretonka ba zai ɗauke shi ba. In dole sai shi, sayi rabin mota na gaba gaba ɗaya, inji da giya da wayoyi da kwamfuta da lagireto daga mota guda, kada ka tsinto su ɗaiɗai.

Wajen lissafi, kada ka tsaya kan farashin inji. Haɗa da kuɗin aiki, sabon taimin bel da famfon ruwa da kulochi tun injin yana ƙasa, sai ka ware wajen kashi ɗaya cikin huɗu na jimillar don abin da zai ɓullo bayan an buɗe. Ƙara da kwanakin da motar za ta yi a gareji, kowace kasuwa da ta wuce ka asara ce, ko kuɗin hayar wata motar. Shi ya sa ba a fara wannan aiki da kaka. Raba jimillar da ƙarin ribar da kake sa ran samu a wata. In ya haura shekara guda kafin ya dawo, gara ka sayar da motar ka cika ka sayi wadda ta zo da babban injinta daga kamfani. Masu saye ma sukan karya farashin motar da aka yi wa haɗe-haɗe.

Ranar sayen injin ka je da bakanikenka, a tayar da shi a gabanka yana sanyi, ka kalli hayaƙinsa, ka buɗe murfin baƙin mai ka ga ko yana huci. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da kwanakin garanti a rubuce. Da wannan rasit za ka je ofishin rajistar motoci na jiharku a gyara lambar a takardunka, ka kuma sanar da kamfanin inshora, tun kafin motar ta koma hanya.