Ko zobban kututture na nuna abin da ya kashe itace?

Malam, ka tambaya ko zobban cikin kututture za su nuna cewa fari ne ya kashe itatuwa a ƙasashe masu zafi. Suna iya nunawa, amma galibi sai inda rani da damina suka bambanta sosai, domin tsayawar girma da rani ce ke fitar da zoben shekara. Idan zobba suka yi ta sirancewa kafin mutuwar itacen, ana gwada su da bayanan ruwan sama, kamar na farin 1973 da 1984 a Sahel. Kada ka dogara da itace ɗaya, saboda wata shekarar ba ta barin zobe, wata kuwa tana barin biyu. Tabbatar da shekarun aikin masanan gandun daji ne, sau da yawa da gwajin kabon-14, wato gwajin kimiyya da ke gano shekarun abu.