Wane dandali ya dace da tallan ɗinkin hannu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni maɗinki ne a cikin birnin Zariya, sana'ata ɗinkin hannu na manyan riguna, aska biyu da aska takwas. Ina ɗaukar bidiyon aikina da waya ina sawa a sitatus na WhatsApp, amma masu lambata kaɗai ke gani, washegari kuma ya ɓace. Ɗana ya ce in koma TikTok, wani abokina ya ce YouTube, wani kuma ya ambata mini Vimeo. Wanne ya fi dacewa da ni, ganin yadda data ta yi tsada?

Daga wani mai karatu, birnin Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Shawarata ita ce ka mai da YouTube rumbun bidiyoyinka, ka riƙa yanko gajeru daga cikinsu kana sawa a Facebook, sannan ka bar WhatsApp a matsayin wurin ƙulla ciniki.

Dalilina yana cikin irin kayan da kake sayarwa. Babbar riga mai aska takwas ba abin da ake saya da gaggawa ba ce, domin mai sayenta, basarake ne ko ango ko wanda za a naɗa wa sarauta, yana so ya ƙare wa zaren kallo, ya ga bayan ɗinkin, ya tabbatar aikin allura ne ba na keke ba. Wannan yana buƙatar bidiyo na mintuna, wanda kuma za a iya samu bayan shekara ɗaya ko biyu. A nan YouTube ya yi wa sauran fintinkau, saboda mutane suna shiga ne su rubuta abin da suke nema, kuma tun da Google ya saye shi a 2006, bidiyoyinsa suna fitowa a binciken Google ma. Don haka ka raɗa wa kowane bidiyo suna da kalmomin da mai saye zai rubuta, ka haɗa da sunan ɗinkin da na yadin da kuma Zariya. Ɗorawa kyauta ce, sai dai idan bidiyon ya wuce minti 15 sai ka tabbatar da asusunka da lambar waya. Mai ƙarancin data kuma yana iya rage ƙarfin hoton da kansa.

Akwai wani tsari a YouTube da nake ganin zai yi maka amfani ƙwarai, wato ka ɗora bidiyo ta yadda ba zai fito a bincike ba, sai wanda ka tura wa adireshinsa ne zai gani. Da shi za ka iya nuna wa mai riga da ke Abuja ko Yamai inda aikinsa ya kai, ba tare da duniya ta ga rigar kafin ranar bikinsa ba.

YouTube yana da nasa aibin. Yana iya sa talla a kan bidiyonka, kuma da zarar naka ya ƙare yana iya jera wa mai kallo na wasu maɗinka. Kada kuma ka sa rai da kuɗin talla tun yanzu, domin hanyar da aka fi sani tana buƙatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Ribarka tana cikin rigar da za a yi oda.

Ɗanka bai yi kuskure ba game da TikTok, domin yana kai bidiyo ga mutanen da ba su taɓa jin sunanka ba, sai dai yawan masu kallo daban, yawan masu saye daban. A ganina dattawan da ke ɗinka manyan riguna sun fi zama a Facebook, shi ya sa na fifita shi, amma ba laifi ka bar wa yaron TikTok ya riƙa sa gajerun. Shi kuwa Vimeo ba ya sa talla kuma yana ba da damar kulle bidiyo da kalmar sirri, amma amfaninsa na gaske sai an biya da dala, kuma jama'armu ba sa zuwa can neman kaya. Ka ajiye batunsa tukuna.

Duk inda ka zaɓa, ka adana asalin kowane bidiyo a memori ko kwamfuta, domin dandalin ba naka ba ne. Lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, 'yan kasuwar da suka dogara da shi kaɗai sun ji a jikinsu. Ka rubuta sunan shagonka da lambarka a jikin hoton, saboda za a sauke a yaɗa ba tare da an ambace ka ba. Ka guji ɗora waƙar wani a kai, domin mai ita yana iya sa a toshe bidiyon, ga shi kuma muryarka kana bayanin ɗinkin ta fi gamsar da mai saye. Idan za ka tura bidiyo ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoton har ƙananan zaren su daina fitowa.