Maigidana ya fi sauraron waya a kaina, ko sammu aka yi masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekararmu shida da aure, da yara biyu. Maigidana yana da shago a Kasuwar Barci. In ya dawo bayan isha'i, yana gama cin abinci sai ya kishingiɗa da waya har barci ya kwashe shi. In na yi magana sai "uhm", in na yi ƙorafi ya ce ai yana ji na. Wallahi har zafi nake ji a ƙirjina. Ƙawata ta ce wata ce ta yi masa asiri, ta ba ni lambar mai haɗa maganin da ake zubawa a shayi. Kafin in sayar da 'yan kunnena in saya, ina son jin ta bakinki. Daga wata matar aure, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki bar 'yan kunnenki a inda suke.

Zafin da kike ji ba shagwaɓa ba ce. A 2003, Naomi Eisenberger ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta sa mutane cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa suna wasan jefa ƙwallo a kwamfuta, can sai aka daina jefa musu. Sashen da ya motsa a kansu yana cikin sassan da ke motsawa idan jiki na jin raɗaɗi. Shariya tana da ciwo, balle daga mijin da kika wuni kina jira. Duk da haka, in zafin yana zuwa da haki ko jiri, ki je a auna jininki.

Shi kuma "ina jin ki" ɗin, kunnensa ne ke ji. Karanta saƙo da sauraron magana duk aikin harshe ne, ƙwaƙwalwa ba ta haɗa su lokaci guda, tsalle take yi tsakaninsu, kowane tsalle da abin da ke zubewa. A 2010 su Uri Hasson a Jami'ar Princeton sun nuna cewa motsin ƙwaƙwalwar mai sauraro yana bin sawun na mai magana, kuma iya daidaituwarsu iya fahimtar da aka yi. Wanda rabin hankalinsa ke kan WhatsApp ba zai bi sawunki ba. An kuma ƙera manhajojin nan ne ta yadda mutum bai san abin da zai tarar ba in ya ja allo ƙasa, kuma ladan da ba a san zuwansa ba shi ya fi kama ƙwaƙwalwa, musamman ta gajiyayye.

Sai batun ƙawarki, abin da muke ji kullum har ya ishe mu. James Roberts da Meredith David na Jami'ar Baylor a jihar Texas ta Amurka sun wallafa bincike a 2016, inda kusan 46 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suka ce abokin zamansu yana share su saboda waya. To su wace kishiya ce ta yi musu asiri? Halin da ake gani a Texas ake gani a Kawo da Rigasa, amma mu sai mu rataya wa makwabciya ko ƙanwar miji, zumunci ya watse a banza.

Garin maganin da za a ba ki babu suna a jikinsa, babu lambar NAFDAC, ita kanta mai sayarwar ba ta san awonsa ba. Ana samun irin waɗannan haɗe-haɗe da ƙwayoyin asibiti a niƙe a ciki. In mai sa barci ne, zai yi laushi ki ce ya ladabtu, da safe ya hau babur da jiri ya shiga titin Ahmadu Bello Way. In yana shan maganin hawan jini ko na suga, ba wanda ya san yadda za su gamu. Ƙoda da hanta kuwa ba sa kuka da wuri, sai ɓarna ta yi nisa. In bai yi aiki ba za a ce asirin ya yi ƙarfi, ki ƙaro kuɗi. Ranar da ya gane ana zuba masa abu a shayi, ba maganar waya za a yi ba, maganar takardar saki ce. Ƙannen waɗannan su ne masu cewa za su haɗa miki WhatsApp ɗinsa da wayarki. Lambobi shida da ke shigowa ta tes za su nema, su ƙwace asusun, su bi abokan cinikinsa suna roƙon kuɗi da sunansa. Ga kuma hanin bin diddigi a aya ta 12 ta Suratul Hujurat.

Ban ce babu mazan da ke neman mata ta waya ba. Amma alamarsu daban: kife allo in kin matso, fita waje amsa kira, sauya lambar sirri. Wannan ma zancen zama ne da manya, ba na shayi ba.

Kada ki tayar da maganar yana riƙe da wayar, kuma kada ki fizge ta, ko ki yi a gaban yara. Ki zaɓi safiya bayan asuba. Ki kawo misali ɗaya tak, kamar saƙon makarantar yara da kika isar bai ji ba, maimakon "kullum haka kake". Ki nemi minti 30 lokacin cin abincin dare, wayoyinku duka biyu suna caji a wani ɗaki. Kife ta a kan tabarma bai wadatar ba, tana girgiza hankali ya tafi. Tunda ɗan kasuwa ne, a bar kira da alat na banki, a kashe ƙarar zaurukan hira. Ku buɗe Digital Wellbeing a wayar Android, ko Screen Time a iPhone, ku ga awoyin da kowa ke kashewa. Har da taki, don sau da yawa uwargida ma ba ta tsira ba.

Ku kuma yi yarjejeniya: in ɗaya ya yi magana, ɗayan ya ajiye waya ya dube shi, ko ya ce "ba ni minti biyu" ya cika. Masanin halayyar ɗan Adam John Gottman ya bi sawun sababbin ma'aurata shekara shida a Amurka. Waɗanda aurensu ya ɗore suna amsa irin wannan ƙaramin neman kulawa sau 86 cikin 100, waɗanda suka rabu sau 33. Maigidanki zai koma gidan jiya a makon farko, ki tuna masa ba da gori ba.

In kin ga kuɗi na ɓacewa, ki yi tunanin cacar intanet. In ya daina barci, ya rage ci, ya janye daga majalisa da masallaci, wataƙila ciwon damuwa ne yake ɓoyewa a bayan wayar. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko suna duba wannan. Ke ma in kuka da rashin barci suka wuce mako biyu, ki je a duba ki, ko da shi bai yarda ya bi ki ba.