Amsa kan gyaran tsofaffin hotunan iyaye da suka koɗe

Assalamu alaikum. Hajiya, tun jiya da dare na ga tambayarki, cewa kin buɗe akwatin marigayiya mahaifiyarku kin tarar hoton aurensu ya koɗe ya yi ja-ja, wani kuma baƙi da fari ya manne da gilashin firem, kina neman manhajar da za ta gyara su. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta. Na ga 'yan'uwa da dama sun ce ki sauke irin manhajojin nan na waya masu ƙirƙirarriyar basira, ki danna sau ɗaya shi ke nan. Don Allah ki dakata tukuna ki ji abin da ya same ni.

Hoton kakata ɗaya tak muke da shi a duniya, an ɗauke ta a wani situdiyo a Tudun Wada, tana zaune ta ɗora hannuwa a cinya. Fuskar ta dusashe ƙwarai. Na sa shi a irin wannan manhaja, kafin ƙiftawar ido ya fito tas kamar jiya aka ɗauka. Da murnata na kai wa Goggo a Unguwar Sanusi. Ta karɓi wayar, ta matso da ita kusa da ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan 'yar wa ce? Ina billen Inna? Ina wushiryarta?" Ashe manhajar ta ɗauki billen da ke kuncinta a matsayin ƙarzanar takarda ta goge shi, ta haɗe haƙoran, ta siranta hancin. Har yau idan na tuna yadda Goggo ta miƙo min wayar ba ta ƙara cewa komai ba, sai jikina ya yi sanyi. Waɗannan manhajoji ba ganin abin da ya ɓace suke yi ba, cankar fuska suke yi daga ɗimbin fuskokin da aka horar da su a kai, kuma ba su san tsagen gado ba. Haka idan kika ce su sa wa baƙi da fari kala, launin atamfar ma canka ne.

Tun daga ranar na koma yi da hannu, kuma na gane rabin aikin yana wurin sikanin, wato kwafar hoton takarda zuwa kwamfuta da na'urar sikana.

Kada ki goge hoton da jiƙaƙƙen tsumma, ko da ƙura ta yi masa yawa. Burushi mai laushi ya isa. Ki je shagon kwamfuta, ki tsaya a kansu su share gilashin sikana da kyau, don ƙurar hunturun nan kowane ƙwaya sai ya fito a hoton. Ki ce su sa 600 dpi, wato ma'aunin yawan ɗigon da sikana ke ɗauka a kowane inci, idan ƙaramin hoto ne irin na fasfo su kai 1200. Su ɗauke shi a matsayin mai kala ko da baƙi da fari ne, domin hakan yana sauƙaƙa cire tabon da ya yi rawaya daga baya. A ajiye shi a nau'in fayil ɗin hoto da ake kira TIFF, ba JPEG ba, saboda JPEG yana rage inganci duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa. A zuba miki a filash. Idan dole sai ta WhatsApp, a turo shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi. Idan kuma ba sikana a kusa, manhajar waya ta PhotoScan ta Google tana taimakawa wajen kawar da ƙyalli. Ki ɗauka a inuwar baranda da safe, ba tare da kunna fitilar kyamara ba.

Wanda ya manne da gilashi, kada ki ja shi, kada ki sa ruwa. Danshin damina ne ya tausasa fuskar takardar ta kama gilashin, kina ja hoton zai rabu biyu, rabi a hannunki rabi a jikin gilashi. Ki cire su tare daga firem ɗin, a yi sikanin haka nan ta cikin gilashin.

Sai jan da kika gani. Hoto mai kala rini uku ne a cikin takardarsa: mai shuɗi-shuɗi, mai ja-ja, da rawaya. A yawancin takardun shekarun 1970 da 1980 shuɗin ne ke riga koɗewa, shi ya sa ja ke rinjaya. Wannan albishir ne, domin hoton yana nan, ma'aunin launi ne ya karkata. Ba lallai sai Photoshop ba, wanda ake biyan kuɗinsa. GIMP kyauta ne, Photopea kuma a intanet ake buɗe shi ba sai an sauke ba. Ki fara kwafar fayil ɗin, ki ɓoye na asali, kada ki taɓa shi har abada. A kan kwafin ki buɗe wurin da aka rubuta Levels, ki ɗauki tsinken zaɓen fari ki taɓa abin da kika tabbata fari ne ranar, kamar farar shaddar ango ko rawanin liman, sannan ki ɗauki na baƙi ki taɓa inuwa mafi duhu. Ina da hoton mahaifina da abokan aikinsa na masaƙa a Kakuri, sun je kallon Hawan Daba na bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a nan Kaduna a 1977, duk ya zama kamar an tsoma shi a ruwan zoɓo. Da na taɓa farar hular wani a ciki, sai ga sararin sama ya dawo shuɗi, sai ga aikin askar da ke gaban rigar Baba ya bayyana zare-zare. Ban san sanda hawaye ya zubo min ba.

Ƙarzana, lanƙwasa da cin kyankyaso kuwa sai haƙuri. Akwai Clone da Heal, suna ɗebo daga wuri mai lafiya su like wurin da ya lalace. Ki ƙara girman hoton sosai, ki fara da bango da tufafi, ki bar fuska ƙarshe. A fuska ɗigon da kika tabbata datti ne kawai za ki cire. Duk abin da kika yi shakka, ki nuna wa wanda ya san ta da rai. Ni a ganina gara a bar ido ɗaya a dusashe da a ƙirƙiro wani. Ki riƙa ajiye aikin a kai a kai saboda ɗaukewar wuta. Hoton Baba dare uku ya ci min.

Kada kuma ki bari a yi wa na asalin laminetin, zafi da gam ne, ba ya ciruwa. Ki fitar da su daga albam mai gam a shafi idan suna fita ba gardama, ki sa farar takarda tsakaninsu, a ɗaki mara danshi, nesa da rana.

Idan akwai ƙanwar marigayiya ko aminiyarta da ke raye, ki kai mata hoton auren a makon nan, ta faɗa miki sunan kowa da ke ciki, ki rubuta a baya da fensir, ba biro ba. Ta kuma faɗa miki launin zanen da amarya ta ɗaura. Idan kin yi sikanin kika ga wurin da ya gagare ki, ki turo min in duba, in sha Allah.