Mai takaba za ta iya fita ganin likitan ƙwaƙwalwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana ya rasu a hatsarin mota, yau kwana 50, ya bar ni da yara uku. Tun ranar barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya shiga, wani lokaci har nakan ji gara in bi shi in huta. Likitar da ta duba ni ta tura ni sashen ƙwaƙwalwa, in riƙa zuwa ana tattaunawa da ni duk mako. Yayan maigidan ya ce mai takaba ba ta fita, kuma kai kuka wurin mutum rashin tawakkali ne. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari.

Fitar ba abin dogon zance ba ce. A mazhabarmu ta Malikiyya mai takaba tana fita da rana don buƙatarta, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ki je ba kwalliya, ba turare.

Abin da ya tsaya mini a rai, baiwar Allah, shi ne "gara in bi shi". Da ba ki faɗi wannan ba, da sai in ce zuwan halal ne. Tun da kin faɗa, ya zama wajibi a kanki, domin rai ake ceto. Kada ki kwana yau ba ki gaya wa mahaifiyarki ko wata 'yar'uwarki ba, ta zo ta riƙa kwana tare da ke. Na san yadda gidan rasuwa yake bayan arba'in: an naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa, sai ke da yara da rigunansa a rataye. Ki maimaita wa likitar wannan magana kamar yadda kika rubuto mini, ba zunubi ba ne. In tunanin ya yi ƙarfi, a tafi asibiti ko da tsakar dare. In an kwantar da ke, larura ce, takabarki ba ta ɓaci ba, wata 4 da kwana 10 na nan suna tafiya.

Sai zancen tawakkali, wanda har wasu masu wa'azi ke yaɗawa. Hujjarsu maganar Annabi Yaƙubu ce, cewa ga Allah kaɗai yake kai kukan baƙin cikinsa. To su karanta ayar da ke biye mana. Nan take ya ce wa 'ya'yansa su tafi su nemo labarin Yusufu da ɗan'uwansa. Ya kai kuka ga Allah, kuma ya aika a nema. Bukhari ya ruwaito cewa Nana A'isha, in an yi mata rasuwa a dangi, bayan mata sun watse takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce ta ji Manzon Allah (SAW) yana cewa tana sanyaya zuciyar maras lafiya, tana rage baƙin ciki. Ashe baƙin ciki ana yi masa magani tun a gidan Annabi. Abin da aka hana shi ne ƙorafi da hukuncin Ubangiji. Gaya wa masani inda ke ciwo don ya taimaka, wannan bayani ne. Shi yayan maigidan naki, da ƙafarsa ce ta karye, wurin mai ɗori za a kai shi, ba wanda zai taɓa imaninsa. Don me zuciya kaɗai za a ce ta yi shiru? Ki riƙe addu'a da azkar, ki haɗa da asibitin, ba sa karo da juna.

A asibitin, ki nemi likita mace in akwai. In namiji ne, ki shiga da 'yar'uwarki, kada a keɓe. Abin da ya shafi sirrin mamacin, ki faɗi gwargwadon buƙata. Kada ki aiki yaro kemis ya sayo miki maganin barci, sai wanda likita ta rubuta. Maganar gado da inda yara za su zauna, kada ki yarda a yanke miki ita a wannan hali.

Yayan maigidanki kuwa, kada ki yi sa-in-sa da shi, shi ma ƙaninsa ya rasa. A samu limamin unguwa ko wani dattijo da yake jin nauyinsa ya karanta masa wannan amsa. In ya amince, madalla, shi ya fi cancanta ma ya kai ki. In ya ƙi, izininsa ba sharaɗi ba ne, ki tafi.

Wallahu a'alamu.