Sinadarin okzalet da tsakuwar ƙoda: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita, an cire mini tsakuwa a ƙoda, aka ce ta kalsiyam da okzalet ce. Tun daga nan na daina shan madara kwata-kwata. Na yi daidai?

Amsa: Allah Ya ƙara sauƙi, Malam, amma don Allah ka koma shan madararka. Wannan kuskuren yana damuna ƙwarai, domin mutum yana ganin rigakafi yake yi, alhali gudun gara ya faɗa gidan zago. Okzalet sinadari ne da ke cikin wasu ganyaye da abinci. Idan kalsiyam, irin wanda ke cikin madara, ya haɗu da okzalet tun a cikin hanji, sai su manne da juna su fita ta bayan gida. Idan kuwa babu kalsiyam a abincin, okzalet ɗin ya samu hanya ke nan: ya shiga jini, ya gangara ƙoda, ya tarar da kalsiyam na fitsari, su dunƙule a can. A 2002 an wallafa wani bincike daga Italiya kan maza 120 da aka bi tsawon shekara 5. Waɗanda suka ci kalsiyam yadda ya kamata, suka rage gishiri da nama, tsakuwa ta dawo musu kusan rabin yadda ta dawo wa waɗanda aka rage wa kalsiyam.

Babban mutum yana buƙatar miligiram 1,000 zuwa 1,200 na kalsiyam a rana. Sirrin yana ga lokaci: kofin madara ko yogot ya zama tare da abincin, ba bayan awa uku ba. Ruwa kuma ka sha har fitsarinka ya kai lita 2.5 a yini. Ka riƙa dubawa, in ya fito ja kamar shayi, ruwan bai isa ba.

Tambaya: Ni mace ce mai son ganye. Dole sai na bar alayyafo?

Amsa: Hajiya, in ba ki taɓa yin tsakuwa ba, kuma ƙodarki lafiya lau, ci abinki. Mai tsakuwa ne ake so ya yi hattara da alayyafo, almon, gyaɗa, cakulan da baƙin shayi mai kauri. Shi ma ragewa zai yi, ba yanke duk kayan lambu ba. Tafasa ganye a zubar da ruwan yana rage okzalet sosai. Abin da ban so shi ne a niƙa ɗanyen alayyafo cike da kofi ana sha kullum.

Tambaya: Ina shan ƙwayar bitamin C kullum don ƙarfin jiki. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, in kana da tarihin tsakuwa. Jiki yana mayar da wani ɓangare na bitamin C zuwa okzalet, kuma miligiram 1,000 a rana ya isa ya ƙara yawansa a fitsari. Wanda ke cikin lemo bai kai nan ba. Ƙwayoyin kurkur ma suna ɗauke da okzalet mai yawa. Bitamin B6 yana taimaka wa wasu masu ciwon gado da hantarsu ke samar da okzalet fiye da kima, amma yawan shan bitamin B6 na lalata jijiyoyi, saboda haka kada a sha sai da umarnin likita.

Tambaya: Na gani a intanet cewa okzalet ne ke jawo mini ciwon gaɓoɓi da kasala.

Amsa: Ciwonki gaskiya ne, 'yar'uwa, ban raina shi ba. Sai dai cutarwar da aka tabbatar okzalet na yi, galibi a ƙoda take. Kada ki hana kanki abinci kan zato, wata cutar tana can tana cin ki. Ki je a duba jininki da gaɓoɓin. Idan an taɓa yi miki aikin hanji ko kina fama da gudawa mai maiƙo, ki faɗa wa likita, domin masu wannan hali hanjinsu na tsotse okzalet da yawa. Sai a tara fitsarinki na awa 24 a auna.