Albasar Galmi ce da gaske, ko sunan kawai zan saya?

Tambaya: Ina sayar da abinci a Kano. Wani dillali ya ce buhunsa albasar Galmi ce, ya ɗora kuɗi a kai, wai ai yanzu sunan yana da rajista. Shin in biya ƙarin?

Amsa: Hajiya, maganar rajista gaskiya ce. Galmi gari ne a jihar Tawa ta Nijar, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, kuma hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ke kare haƙƙin mallaka a ƙasashe 17, ta yi wa albasarsa rajistar asali. Haka ta yi wa kilishin Nijar, kamar yadda ta yi wa barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru tun 2013. Ma'anarta, sai wanda ya noma a yankin, bisa ƙa'idojin da aka shimfiɗa, ke da ikon sa wannan tambari. Abin yana faranta min rai, don manomin da ya sha ranar ban ruwa shi ya kamata ya ci moriyar sunan garinsa.

Amma irin Galmi daban, albasar da aka noma a Galmi daban. Irin ya daɗe da bazuwa Afirka ta Yamma, saboda haka dillalinki zai iya rantsuwa bai yi ƙarya ba, alhali kayan ba su taɓa ganin Tawa ba. Kuma Nijeriya ba ta cikin OAPI, don haka rajistar ba ta ɗaure bakin kowa a kasuwar Kano.

Ki sa a zazzage buhun, kada ki tsaya a na sama. Ki ɗauki guda ki matsa: ki ji ta da tauri, wuyanta a bushe, ɓawonta ja mai ɗaukar shuɗi yana ƙaras-ƙaras. Ki yanka, yajinta ya kawo miki ƙwalla nan take. Wadda wuyanta ke da danshi ba za ta yi ajiya ba, ko daga ina take.

Idan ajiya za ki yi, kuma ta cika waɗannan, ƙarin ya halatta. In ta miyar yau da gobe ce, ki sayi ta Aliero ko ta Kano mai kyau, ki riƙe canjinki.